Kawu Sale da Injin da Ba Ya Shan Ruwan Kogi

Duk wanda ya taɓa shiga jirgin Kawu Sale ya san ba a tashi sai ya ɗanɗana ruwan da zai zuba wa inji. Ya kurɓa, ya jujjuya shi a baki kamar mai sayen zuma. Mu kuwa muna zaune kan buhuna, kasuwar Gaya na can tana ci. Ba yadda muka iya, domin in damina ta cika kogi, jirginsa kaɗai ke ƙetarar da mutanen ƙauyenmu, 'yan kasuwa da marasa lafiya.

Daga Legas ya dawo da injin, gishirin teku ya ci cikinsa. Asali injin da kansa yake zuƙo ruwan da jirgi ke kai ya sanyaya jikinsa. Kawu ya ce atafau, wanda gishiri ya illata ba za a ƙara masa da yashi ba. Ya toshe hanyar, ya samo lagireton tsohuwar mota ya ɗaura masa, ya ce daga yau sai ruwan rijiya.

Ruwan rijiyar ma sai an tace! Ran nan matarsa, Inna Tabawa, za ta biki, ta tarar da sabon mayafinta ɗaure a bakin jarka.

"Malam, mayafin nawa?"

"Yo ke ai lafiyarki ƙalau. Shi ne mai jinya."

Wata rana a tsakiyar kogi inji ya ɗau zafi, jarka kuma wayam. Limaminmu yana cikin jirgin, ya ce, "Haba Sale! Ga ruwa hagu da dama, kamfato mana!" Sai Kawu ya ɗauke butar Liman ya juye wa inji.

"Alwalata fa?"

"Allah gafarta Malam, kai ruwan kogi ya halatta maka. Shi bai halatta masa ba."

Kai, mun sha dariya har da riƙe ciki! Sai dai dariyar kawai muka iya, ba wanda ya zauna ya koyi aikin a wurinsa. Da ya rasu, 'ya'yansa suka ce ɗaukar jarka wahala ce, suka riƙa ɗura na kogi. Ko damina inji bai ƙarasa ba ya mutu murus.

Bana da naƙuda ta kama ƙanwata, a babur aka zagaya da ita har ta gadar Wudil, tana kuka tana kiran sunan Kawu. Abin nan har yau yana ci mini rai.

Allah ya jiƙanka Kawu, ya yafe maka kura-kuranka, ya sanyaya makwancinka.