Tukunyar Iskar Iya Dije

Ni tun ina ƙarama ba a ba ni labari in yi shiru. Sai na tambayi wa ya gani, a wane gari aka yi, wa ya zo ya faɗa. Kakata Iya Dije, wadda aka sa mini sunanta, takan ce da namiji aka haife ni da tuni an yi alƙali a gidan. Duk da haka ni take fara nema da ido idan za ta yi tatsuniya, don ta san takwararta ba ta gyangyaɗi.

Ƙauyenmu yana bayan Tsiga, inda masara da dawa kan rufe hanya da damina har mai babur ya ɓace wa ido. A wannan lokacin ba a zaman tsakar gida. Da an idar da sallar magariba sai mu taru a rumfar girkinta, mu jikoki bakwai, ruwa yana ɗiga ta bakin jinka, ita kuma ta ɗora kasko da yashi a kan murhu tana soya mana gyaɗa. Ba ta fara magana sai yashin ya ɗauki zafi. Hasken wutar yakan kama rabin fuskarta ya bar rabi, kuma wallahi a lokacin nakan ji kamar duk abin da ya taɓa faruwa a duniya tana wurin aka yi shi.

Kafin mu zauna akwai aikin da ba a tsallake shi. Tsakaninmu da gidan Tanko, maƙwabtanmu Maguzawa, dangar kara ce, kuma a jikinta akwai wata kafa daidai shigar kwano, har karan wurin ya yi sulɓi don yawan gogar hannu. Kowace yamma malmalar farko ta tuwon Iya ta nan take bi. In matar Tanko ta yi dambu ko ta dafa kabewa, ta nan yake dawowa. In murhun wani ya mutu da safe, ta nan ake miƙo garwashi a sakaina. Ban taɓa jin an yi wa wani godiya a kan haka ba, kamar yadda ba a gode wa hannun dama don ya kai loma.

Tatsuniyar da muka fi roƙo ita ce ta tukunyar iska. Iya takan juya gyaɗa da guntun ƙwarya ta ce, "To, ga wata nan tafe da ƙafarta." Mu kuma mu ce ta shigo ta sami wuri.

Wai an yi wata shekara da aka kwana bakwai ana ruwa ba ƙaƙƙautawa, har duk murhun garin ya mutu. Akwai wata mata, Tabawa, da 'yarta ke kwance ba lafiya, ga hatsi a rumbu amma babu abin dafa shi. Ta ɗauki sakaina ta bi gida-gida, ko'ina sai jiƙaƙƙiyar toka. Da ta ƙare gari sai ta hau dutse, a can cikin wani kogo ta tarar da wata tsohuwa tana ɗinke zanenta da ƙaya ta yaga. Ashe Iska ce, ruwa ya hana ta yawo. Tabawa ta karɓi allurar ta gama mata ɗinkin ba tare da an roƙe ta ba, sannan ta faɗi abin da ya fito da ita.

A nan Iya takan sauya murya ta koma ƙasa-ƙasa. "Ni ba ni da wuta, 'yar nan. Amma ɗazu na biyo ta inda rana ke kwana, akwai sauran zafi a bakin zanena. Kawo tukunyarki." Iska ta karkaɗe bakin zane a cikin tukunya, ta rufe da faifai. Ta ce duk abin da aka sa a ciki zai dahu kafin a gama wanke hannu, ba itace, ba hayaƙi. "Sai dai ki sani, ni ban iya zaman gida ɗaya ba. Abin da na dafa sai ya ƙetare danga kafin ya shiga bakinku."

Tabawa ta dafa kunu, ta miƙa wa maƙwabta, ta ba 'yarta, yarinya ta tashi. Haka gari ya rayu da tukunya ɗaya har rana ta fito. Sai wata rana mijinta ya kawo 'yar zabuwa guda, Tabawa ta dube ta ta ga ba za ta kai ko'ina ba, ta ja ƙyaure ta rufe. Da ta ɗaga faifai sai ta tarar da naman ɗanye, tukunya ta yi sanyi ƙalau. Abin da ta ji kawai shi ne wani abu ya shafi ƙafarta ya fice ta ƙarƙashin ƙyaure.

"Na sauke ta nan," in ji Iya, "mai so ya ɗauka."

Ni kuwa ba na ɗauka sai na yi tambaya. Na ce, "Iya, to ina iskar ta tafi?"

Ta ɗebo gyaɗa mai zafi ta zuba mini a tafin hannu don in ji da ita in bar ta ta huta. Ta ce, "Tana nan tana yawo, takwara. Tana neman gidan da zai iya da ita."

Shekara kusan talatin ke nan. Na yi karatu, na zama malamar makaranta, na yi aure a Funtuwa, a gida mai katangar bulo da ƙofar ƙarfe. Daminar bara Iya ta yi zazzaɓi mai tsanani, aka kawo ta asibiti, da aka sallame ta sai na ce a bar mini ita ta murmure a wurina. Likita ya ce ciwon ya tafi, saura jiki, a dage mata da abinci mai gina jiki: ƙwai, madara, wake, gyaɗa. Ya ce in ba ta ci ba, to, ƙarfin da zai ɗauke ta zuwa kaka babu shi.

Na gyara mata ɗaki ita kaɗai, da sabuwar katifa da fanka. Nakan jera mata abinci a tire, da cokali da kofin ruwa, in ajiye, in ja mata ƙofa don kada yara su dame ta. In na dawo sai in tarar da shi yadda na bar shi. Na yi farfesu, na yi awara, na yi alala da ƙwai, na dama kunun gyaɗa. Takan kurɓi ruwa ta ce, "Alhamdu lillahi, na ƙoshi." Kwana tara muna haka. Zoben azurfar da ke yatsanta ya fara zamewa da kansa, magana ma ta rage ta sai da kai. Na yi lallashi, na yi faɗa, na shiga ɗaki na yi kuka, don na ga ƙarara kakata za ta mutu da yunwa a gidana, gidan da buhun shinkafa biyu ke jingine a sito.

A rana ta goma da la'asar aka kawo lantarki ana yayyafi. Ina da wata tukunya da ke gashi da iska mai zafi, 'yan kasuwa na ce mata eya-firaya, nakan yi wa yara dankali a ciki. Na tuna Iya tana son abu mai ɗan ɗaci-ɗaci, irin na goro, sai na ce bari in gwada mata kek ɗin cakulan mai taushi wanda dasashi zai iya da shi. Tsoron kada a ɗauke lantarkin ina can ina zirga-zirga ya sa na kwaso komai na kawo falo, inda aka fito da Iya ta sha iska a kan tabarma.

Na fasa ƙwai biyu, na zuba markaɗaɗɗiyar gyaɗa cokali uku da kindirmo rabin kofi, na buga. Na sa garin waken suya da na soya na niƙa, da madarar gari, da baƙin garin cakulan, da ɗan gishiri da hodar tashi, sannan zuma maimakon sukari. Ƙullun ya yi kauri, ya yi baƙi yana ƙyalli. Na shafe ɗan kwano da man gyaɗa, na juye, na tura cikin tukunyar na sa mata minti goma sha biyu. Ta fara huci.

Ban lura ba sai da na ji motsin tabarma. Iya, wadda sai an kama ta take juyawa, ta ja jiki ta matso. Ta leƙa ƙarƙashin tukunyar, ta leƙa bayanta. Sannan ta ɗaga hannu ta tara shi inda hucin ke fita, ta bar shi a wurin.

"Ina wutarta?" ta ce. Muryar ta dushe, amma tata ce.

Na ce, "Babu wuta, Iya. Iska ce mai zafi take zagayawa a ciki."

"Iska?"

"Iska."

Ta daɗe tana kallon tukunyar. Ƙamshin cakulan da gyaɗa ya cika falon, ba hayaƙi ko ƙanƙani. Sai ta ce a hankali, "Ikon Allah. Ashe nan ta zo."

Na rantse har lokacin ban taɓa haɗa wannan tukunya da waccan ba, shekara biyu ina soya dankali a cikinta. Na zauna daɓas a ƙasa, ni malamar da ke koya wa yara yadda zafi ke tafiya, ina kallon abin da wata tsohuwa da ba ta taɓa riƙe alli ba ta faɗa mana a rumfar kara, ga shi yana huci a gabanmu. Na ji na koma 'yar shekara bakwai, har da zafin gyaɗa a tafin hannu.

Tukunyar ta yi ƙara ta tsaya. Na soka tsinke ya fito da ɗan danƙo, yadda ake so, don in ya bushe ƙayau ya lalace. Na bari ya sha iska, na yanka gida huɗu, na miƙa mata ɗaya. Ta karɓa, ta shinshina, har ta kai kusa da baki. Sai ta sauke.

"An ƙetarar?"

Ta nuna waje da haɓa.

"Takwara, wa ke bayan katangar nan?"

Shekarata shida a gidan. Na san motarsu, na san kukan jaririnsu, amma sunan matar ban sani ba. Na sunkuyar da kai na faɗa mata gaskiya.

Ta ajiye yankan a kan faranti. Ba faɗa ta yi ba, da ma ta yi faɗan da ya fi mini sauƙi. Ta ce, "Kwana tara kina ajiye mini abinci kina ja mini ƙofa. Tun da uwata ta yaye ni ban taɓa sa hannu a kwano ni kaɗai ba. Na gwada, wallahi, don kada ki ji ba daɗi. Ba ya wucewa."

Ban san lokacin da na yafa mayafi ba. Na sa yanka biyu a kwano na rufe, na fita cikin yayyafi, na buga ƙofar ƙarfen da ban taɓa bugawa ba. Matar ta buɗe da goyo a baya, tana dubana da mamaki. Kunya ta kama ni, na rasa ta inda zan fara, sai kawai na ce, "Kakata ce ta ce a kawo." Ta karɓa da hannu biyu ta ce, "Ayya, kuna da tsohuwa a gidan? Ai ban sani ba."

Ban gama cire mayafi ba sai ga sallamarta. Maman Sadiƙ ake ce mata, 'yar Dandume ce. Ta dawo da kwanon cike da faten wake mai zafi, ta durƙusa har ƙasa ta ce, "Sannu da jiki, Iya." Iya ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "Zauna, 'yar nan. Wanke hannu." Ta sa na kira yarana, muka kewaye kwano ɗaya a kan tabarma. Ta gutsuri kek ɗin ta tauna da dasashi, mu duka muna kallon maƙogwaronta. Ya wuce. Ta ce ɗacinsa ya yi, amma an cika zuma. Ta cinye yankan, ta bi da faten wake loma biyar, ina ƙirgawa a zuci.

Iya ta ga kakar bara. Ta koma ƙauye da ƙafarta, ta sa aka yi mata sussukar waken suya ta aiko mini da tiya biyu, ta ce ɗaya tawa, ɗaya ta bayan katanga. Allah Ya karɓi abarSa da bazara, tana cikin mutanenta.

Da ina yarinya na ɗauka labarin tukunya ne, abin da ya dame ni shi ne ina za a samo irinta. Ga ta an samo, ana sayar da ita a kasuwar Funtuwa, kowa ya saya ya kai gida ya ja ƙofa. Sai yanzu na gane ba dahuwar ce ta tayar da 'yar Tabawa ba, kuma ba ƙwai da waken suya kaɗai suka tayar da Iya ba, duk da likita bai yi ƙarya ba. Har yau in na kunna tukunyar nakan tara hannu inda ta tara nata, in ji hucin, in ji tsoron Allah ya kama ni. Katangarmu ba ta da kafa, bulo ne har sama, don haka sai an zagaya ta waje. Yarana sun riga sun saba. Da tukunyar ta yi ƙara, kafin in nemo wuƙa, autata ta riga ta ɗauko kwanon ta tsaya a bakin ƙofa tana jira.