Amsar Uwata Ta Ƙi Tsayawa Wuri Ɗaya

Ranar da 'yar ƙanena za ta kare aikin digirinta na biyu, ni na ɗauko ta daga Ajingi zuwa gidan yayarmu a Gaya, don a gidanmu sai ka hau katanga waya ke kamawa. Ta kwamfuta malamanta za su titsiye ta, ƙarfe sha ɗaya na safe. Sunan mahaifiyarmu ta ci, shi ya sa nake ce mata Uwata.

Na yi tuƙi har Agadas, har Kwatano, ban taɓa ɗaukar fasinja mai shiru irin nata ba.

"Uwata, ko 'yan ƙwayoyin naki sun tsere ne?"

Aikinta a kan ƙarfin da ke riƙe furoton da nutiron ne a tsakiyar ƙwayar zarra, kada su watse. Ba mai ganin ƙarfin nan, sai dai a ƙiyasta shi da lissafi daga awon da masana suka yi.

"Baffa, akwai matsala. A rubutun da na miƙa, sau ɗaya na daidaita lissafin da awon, na ce na gano sabon abu. Jiya na yi ta maimaitawa, ina ɗan motsa kowane awo iyakar kuskuren da zai iya ɗauka. Sai amsar ta shiga yawo. Abin da na ce na gano ya ɓace cikin yawon."

"Malaman sun sani?"

"Ba su sani ba. In na yi shiru wataƙila in wuce. In na faɗa, sa iya cewa in sake daga farko."

Ubanta ya gama shelanta wa dangi har Toranke cewa yau za ta kammala. Wallahi saura ƙiris in ce ta ja bakinta. Sai na ji kaina ina cewa, "Ni dai duk direban da ya ce miki ƙarfe kaza daidai zai shiga Agadas, bai taɓa zuwa ba."

Ba ta ko murmusa ba.

A Gaya ta shige ɗaki, ni na laɓe bakin ƙofa, yayarmu na hararata. Turancina na tasha ne, amma na gane lokacin da ta faɗa musu matsalar, don muryarta ta yi rawa. Sai tsit. Na ɗauka wayar ce ta yanke. Can wani dattijo cikin malaman ya yi gyaran murya, ya jero mata tambayoyi har aka kira azahar.

Ta fito tana share zufa.

"Ban wuce yau ba, Baffa. Sun ce in cire sabon abin, in rubuta iyakar yawon amsar, in dawo bayan girbi. Wai wannan ne aikin."

"To, uban naki fa?"

"Kai za ka gaya masa. Ai ka fi ni baki."