Mai Kwalli Ranar Azumi

Shekara tara ke nan da rasuwar Saratu, maƙwabciyata a Gyaɗi-Gyaɗi, wadda duk layinmu ke kira Maman Rifkatu. Bana da Ramadan ɗinmu ya haɗu da azumin Kirista na kwana arba'in, sai na ji ba zan iya yin shiru ba. Da tana raye, da tuni ta ɗaga labulena ta ce, "To Hajiya, bana dai babu mai yi wa wani gori." Lokacin ko filin jirgi ban sani ba, ita ta naɗa mini Hajiyar tun kafin Allah ya nufa in je.

Gidan haya ne ya haɗa mu, ɗakina na kallon nata. Ni amaryar direba ce daga wani ƙauye a wajen Wudil, ita kuwa ungozoma a babban asibitin da ke kusa da mu. Kirista ce, kuma Bahaushiya gaba da baya, 'yar kudancin Kano. Ranar da ta fara jefa mini karin magana sakin baki na yi, don a zatona duk Kirista daga nesa yake zuwa. Rashin sani ya fi dare duhu. Ita ta koya mini tsallaka titin gidan Zu ba tare da na rufe ido na ruga ba. Ita ce kuma ta yi ta raka ni wajen likita, don na shekara biyar a ɗaki ko ɓatan wata ban taɓa yi ba, dangin miji sun fara ƙananan maganganu, ni kuma kullum sai na yi kuka a bayan ƙofa.

Ba ni da abin saka mata sai dambun zogale, wanda ba yabon kai ba, na iya shi. Duk Laraba nakan yi, in cika kwano in kai mata da rana. Za ta karɓa da hannu biyu, ta shinshina, ta yi ta sa mini albarka. Wata Laraba na fita zaure sai ga kwanona a cinyar Baba mai ga-ruwa, yana ta loma. Na ce ƙila ta ƙoshi ne. Laraba ta zagayo, na sake ganinsa a hannun wata tsohuwa mai jinyar ɗanta. Matan gida kuwa, da ma kaɗan suke jira, suka ce, "Ke ce ba ki gane ba, ƙyamar abincinki take." Abin da ya ƙara ƙona mini rai, duk ranar ta fi kowace rana kwalliya: kwalli raɗau, fuska na sheƙin man kaɗanya, sai raha take da kowa.

Ni ba na iya ajiye magana a ciki. Na same ta tana guga na ce, "Maman Rifkatu, in guba nake zubawa a dambun nan, ki faɗa mini in daina wahala."

Ta fara dariya, da ta ga idona ya kawo ruwa sai ta ajiye dutsen gugar. Ta ce, "Haba Hajiya. Azumi nake."

Na ce, "Azumi ranar Laraba? Ba Litinin ba, ba Alhamis ba? Kuma da wannan kwallin?"

Ni a sanina mai azumi ba ya ɓuya. Leɓe ya bushe, murya ta yi ƙasa, ana neman inuwa, wanda ya taɓa ka kuma ya ji a jikinsa. Ta ce su an koya musu in mutum na azumi ya wanke fuska ya shafa mai, kada kowa ya gane sai Wanda ake yi dominSa. Ta ce, "Ga shi yau kin sa na fasa ƙwai." Na tambaye ta me ya hana ta rufe dambun ta ci da yamma. Ta ce a wajenta abin da ta hana cikinta ya zama rabon wani, in ta adana ta cinye daga baya, jinkiri kawai ta yi. Na ce to ta rufa mini asiri kada maigidana ya ji, mutumin da in ya sha ruwa da azumi yake tashi da kwano uku kafin a kira isha'i.

Daga baya na sha zolayarta da tambaya, ita kuma ba ta gajiya. Ta ce yunwa ɗan aike ce, duk sanda cikinta ya yi ƙugi ta san lokacin addu'a ya yi. Ta ce bakin da bai ci tuwo ba bai kamata ya ci naman mutane ba. Abin da ya fi zama mini shi ne da ta ce azumi ba ciniki ba ne, ba a murɗe wa Allah hannu da yunwa. "Ba Shi nake so Ya sauya ba, ni ce mai taurin zuciya." Na ce to me take roƙo haka duk mako? Ta ce wannan kuma tsakaninta da Shi ne.

Nakan yi tunanin abin da za ta ce da ta ga zamanin nan. Yanzu mutum bai kai azahar ba duniya ta san yana azumi, namu da nasu duka. Wannan ya ɗora hoton farantan buɗa-baki a waya, wancan ya sanar yau kwanansa kaza bai sa komai a baki ba. Na san ba za ta yi wa kowa wa'azi ba, ba halinta ba ne. Za ta dai leƙa wayar ta ce, "Allah sarki, sun karɓi ladansu tun a nan," ta koma kan aikinta.

A waɗancan shekarun ne Rifkatu, 'yarta, ta fara maƙale mini. Tana 'yar shekara shida ta kwaso kayanta ta dawo ɗakina. Ni nake mata kitso, ni nake kula da cinta da shanta, Lahadi in shirya ta ta bi uwarta coci, ta dawo ta same ni. Na ɗauka jininmu ne kawai ya haɗu.

Sai a zaman makoki na ji sauran labarin. Rifkatu, lokacin ta zama budurwa, ta kwantar da kai a kafaɗata ta ce, "Mama, kin san azumin Larabar nan naki ne? Haihuwa take roƙa miki. Da aka daɗe shiru, wata rana ta kira ni ta ce ita dai ta samu amsarta: Allah Ya ba ta huɗu, ke ba ko ɗaya, ita kuma ta zauna tana jiran Ya sake wani rabon. Ta ce in ɗauki kayana."

Na yi kukan da ban yi ba ranar da aka fita da ita.

Har yau ban haihu ba, Allah bai nufa ba, kuma na daɗe da yin sulhu da hakan. Saratu ba ta bar gida ba, ba ta bar fili ba, tana hannun Mahaliccinta, Shi Ya san abin da ke tsakaninsu. Abin da ni na sani shi ne, da Rifkatu ta yi haihuwar fari a gidan mijinta a Tarauni, aka tambaye ta inda za ta je wankan gida tunda uwarta ba ta da rai. Ta ce wa ya faɗa musu? Ni da ban taɓa sanin zafin naƙuda ba, ni na hura wutar ruwan jego, ni na dama kunun kanwa, a ɗakina aka yi suna.