Ambaliya ta tafi da takardata

Ni kaɗai na kafa shagona a Kasuwar Kwastam, na gyara rijiyar burtsatsen layinmu a Gamboru. Ba ubangida, ba kowa.

Yau na je wajen tantance 'yan takarar kansila, sakataren jam'iyya ya ce, "Alhaji Modu, ina takardar sakandare?"

Na ce, "Ambaliya ta tafi da ita ina can ina kwashe tsofaffin unguwa a mota."

Ya ce, "Wallahi na sani, har innata ka ɗauka. Amma Alhaji, ba a saka inna a fayil."

Jam'iyya ta kusa rufe karɓar takardu, makarantarmu kuma da zan nemo wata takardar an ce shugabanta ya yi tafiya.

Mutanen Gamboru, ku yi magana a nan. A rubuta Modu Kyari cikin 'yan takara!