Bayan Kaset ɗin Sule Mai Jita

Har gobe ban manta da ranar da Sule Mai Jita ya zauna a shagonmu na unguwar Adjamé Mairie ba. A 1984 ne, lokacin ni ce mai kula da sayar da kaset.

Ku yaran yanzu ba ku san shi ba. A zamanin faifan garmaho babu bikin da ake yi a unguwar Treichville ba da muryarsa da kalangunsa ba. Sai ya ajiye kalangu, ya koma waƙar Faransanci. Mahauta, waɗanda kalangu kiɗansu ne tun kaka da kakanni, suka juya masa baya. Ya ɓace shekaru.

Ga ƙa'idar aikinmu. In sabon kaset ya zo, mukan sa shi a lasifikar bakin ƙofa da hantsi. In masu wucewa sun tsaya, maigida ya sayi katan-katan. In ba su tsaya ba, a mayar wa mai shi. Ba roƙo, ba sanayya.

Sule ya kawo nasa da kansa, ya ɓuya bayan kanta. Na sa fuskar farko ta kaset ɗin: jita, ƙaho, an gyara murya sumul. Direbobin gbaka, ƙananan motocin haya, ko waiwaye.

"Hajo, ƙara sauti mana," in ji shi.

"Yaya Sule, ba kurame ba ne. Sun ji, ba su so."

Da ta ƙare na juya kaset ɗin, don ƙa'ida ce a ji duka biyu. Ya riƙe hannuna.

"Don Allah bar wannan. Cike gurbi ne kawai, ni da wani tsohon makaɗi. Muryar duk ta tsage."

"Sakar mini hannu. Aikina nake yi."

Kalangu ya tashi. Wani dattijon mahauci da cinyar bijimi a kafaɗa ya ja birki a ƙofa, jini na ɗiga a rigarsa. Wasu suka taru bayansa.

Ɗaya daga cikinsu ya tambaye ni, "Tanti, Sule ne wannan? Yana raye?"

Sule ya raɗa mini, "Ba su ji yadda na tsufa ba?"

Na ce, "Leƙa ka ga furfurarsu."

Ya daɗe kafin ya miƙe ya fito. Maigida ya sayi kaset ɗin, da damina kuwa Sule ya koma cika fili a Treichville.

Abin da na koya ke nan: mawaƙi kan ɓoye abin da mutanensa ke nema saboda kunya. Shi ya sa nake muku faɗa kullum. Kada ku mayar da kaset ba ku juya shi ba.