Inda Basilla Ba Ya Hudawa

Basilla suke ce masa a ofis, don aikinsa ke nan, huda bututun mai. Kada hankalin kowa ya tashi, a cikin kwamfuta yake hujinsa. Zai zauna a ɗan ɗakinsa, shayi na hucewa a gefe, ya buɗe taswirar bututun kamfaninsu, ya zaɓi wuri ya ɓula. Sai kwamfuta ta nuna masa yadda ɗanyen mai zai malala, ina zai nufa, da ko ƙararrawa za ta yi ƙara a kan lokaci. Inda ya ga rauni, injiniyoyi su je su gyara tun abin bai zama gaske ba.

A kan kujerar nan furfura ta same shi. Mutum ne da ko kaza ba ya iya kallon ana yankawa, amma ya huda bututun nan a ƙarƙashin gada, ya fasa shi a tsakiyar kogi ana ambaliya, ko a jikinsa. Wuri ɗaya ne hannunsa bai taɓa zuwa ba, inda bututun ya ratsa ta bayan gidan mahaifiyarsa, dab da rijiyarta. In ya iso nan sai ya tsallake. Da iliminsa da komai, ya san zane ba ya jawo masifa, amma zuciyarsa ta ƙi. Gani yake kamar yi wa Inna mugun fata ne.

Sabuwar shugabar sashensu ce ta lura. Ta tsaya a bayansa ta ɗora yatsa a kan allon.

"Malam Basilla, ko'ina ka yi mana kaca-kaca, nan kuwa fes. Lafiya?"

"Ranki ya daɗe, wurin ba shi da matsala."

"Wa ya gaya maka, tunda ba ka gwada ba?"

Ya sunkuyar da kai. "Gidanmu ne a nan. Tsohuwata na ciki."

Ta sassauta murya. "In ba za ka iya ba, sai in ba wani."

Bai yarda ba. In dai za a huda bayan gidan Inna, gara da hannunsa. Ya yi bismilla ya danna. Baƙin tabo ya fito, ya bi ƙarƙashin lambunta a hankali, ya gangara cikin rijiyar, ƙararrawa ko uffan. Na'urar da ke jin yoyo ta yi wa wurin nisa, makullin datse mai ma haka. Ya sake gwadawa, ya rage ramin, ya ƙara shi, duk a rijiyar man ke ƙarewa. Tsoro ya kama shi, kunya ta biyo baya. Shekara da shekaru yana ganin kare Inna yake yi, ashe ita kaɗai ya bari a fili.

Bai bar kowa ya huta ba sai da aka tura ma'aikata suka tona wurin, suka dasa sabon makulli da na'ura.

Da ya je gaishe da Inna, ya tarar da ita tana ta faɗa. An tattake mata albasa, an karya reshen lemonta, ƙarar inji ta hana ta barcin rana.

"Wai wani ne a ofis ya turo su," in ji ta. "Marar aikin yi. Da ya san wahalar shuka da bai yi ba. Kai da kake can, ka san shi?"

"Na san shi, Inna."

"To ka gaya masa bai kyauta ba."

"Zan gaya masa."

Ta jawo guga ta cika masa kofi, tana ci gaba da mita. Ya daɗe yana kallon ruwan, garau, har gindin kofin ana gani. Ya shanye, ya miƙa mata ta ƙara.