Katakon Darar Yayana

Injin yana nan a shagon ƙofar gidana a Bodinga, na lulluɓe shi da tsohon zanen gado. Duk wanda ya leƙo sai ya tambayi mene ne, ni kuwa na gaji da bayani. Injin sassaƙa ne mai aiki da kwamfuta: ka zana abu, ka tsara hanyar da bakinsa zai bi a jikin katako, shi kuma ya bi ya yanke. Ba sana'ata ba ce. Ni malamin makaranta ne, sha'awa ce ta ja ni na sayi kayansa guntu-guntu na haɗa da hannuna. Haɗawar ba ta wahalar da ni ba. Abin da ya cinye ni shi ne zaɓen manhajar da za ta yi zanen ta kuma fitar da hanyar. Ni na yi zaɓen, amma Yayana ne ya ji a jikinsa.

Yaya yana Kajiji, a gidan da aka haife mu. Manomi ne, kuma ɗan dara ne na gasken gaske. Tun ina yaro, da an sallame la'asar za ka same shi a gindin ceɗiyar ƙofar gida shi da abokansa, sun haƙa gurabe talatin a ƙasa, wannan da tsakuwa, wancan da ƙwallon aduwa, ana ci ana gardama. Ni ban taɓa koyo ba, boko ya ɗauke ni. Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi bayan an gama girbi. Allah ya sa ya tashi, amma ƙafar dama ta ƙi lanƙwasuwa, zaman ƙasa ya gagare shi. Aka koma fito masa da kujera gindin ceɗiya, abokansa na wasa a ƙasa, shi yana kallo daga sama.

Ranar da na je duba shi, matarsa ta ce da ni, "Malam, ni na ce a cika masa babban tire da yashi a ɗora kan benci, sai ya yi gurabensa a ciki."

Har yau ina jin kunyar amsar da na ba ta. Na ce, "Haba matar Yaya, ina da inji a gida a kawo masa tiren yashi? Katako zan yi masa na maɗaci, wanda har jikoki za su gada. Mako biyu."

Yaya ya yi murmushi da ɓangaren bakinsa mai motsi. Ya dubi abokansa ya ce, "Kun dai ji Injiniya. Ku jira, wanga karo bisa katako za ni cinye ku." Daga ranar ya hana a ƙara maganar tire.

Na dawo Bodinga na buɗe kwamfuta. Manhaja ta farko da na ɗauko kyauta ce, mai sauƙin kai, kamar an yi ta don irina. A cikinta ake zanen, a cikinta ake fitar da hanya. Na zana da'ira talatin, layi biyar gida shida-shida, na ba ta zurfi, ta ce to. Da aka kawo wuta na kunna injin, kafin magariba ya gama. Na goge, na shafa mai. Wallahi ya yi kyau. Na shiga bas zuwa Shagari, daga nan ɗan kabu-kabu ya ɗauke ni, ina rungume da katakon.

Aka ɗora wa Yaya a kan benci, abokansa uku suka matso, aka jera 'ya'ya. Da ya zo motsa tsakuwar farko sai ta ƙi fita. Manhajar nan rami iri ɗaya ta iya, mai shimfiɗaɗɗen ƙasa da miƙaƙƙen bango kamar murfin kwalba. Yatsun Yaya ba sa iya tsinto abu, turawa kawai suke yi. Gurbin ƙasa kuwa da dunƙulen hannu ake murza shi, gefensa a kwance, ɗan yatsa ɗaya ya isa ya turo tsakuwa waje. Ni ban taɓa durƙusawa na duba ba. Ya tura, ta bugi bango ta dawo. Ya sake. Wani abokinsa ya miƙa hannu zai ciro masa, Yaya ya ce, "Bari." Ba a buga wasan ba ranar.

Matarsa ta dube ni. Na ce gyara kaɗan ne, gurbi mai kwanon ciki ake so, zan sauya manhaja in sayi baki mai zagayayyen kai.

A nan na shiga rami. Manhajar da kowa ke yabo a bidiyo ta iya komai, amma ta fi ƙarfin tsohuwar kwamfutata. In na buɗe ta sai fankar kwamfutar ta kama kuka, allon ya daskare. Kuma ba ta yarda ta yi aiki sai ta leƙa intanet ta tabbatar ni ne, a garin da sabis yake zuwa lokacin da ya ga dama. Na bar ta. Wata kuma kyauta ce baki ɗaya, sai dai wanda ya tsara ta kamar yana fushi da duniya, maɓallai sun fi ɗari, ba wanda ke inda hankali zai nema. Na yi mako uku a kanta, na fitar da hanya, na gwada a kan guntun katako, injin ya nutsa kai tsaye ya karya bakin. Laifina ne, ban faɗa mata irin injina ba, ta yi masa magana da yaren wani. Akwai ta gwaji mai kwana talatin, tana nuna maka yadda aikin zai fito tun kafin ka taɓa katako. Na so ta ƙwarai. Kwanakin suka ƙare ina jiran sabon baki daga Sakkwato.

Gaskiyar da ban faɗa wa kowa ba ita ce, na fara jin daɗin kwatantawar. Na buɗe littafi ina rubuta wannan ta fi waccan a kaza. Na shiga zaurukan intanet na masu irin injina ina karanta gardamar mutanen da ba su san akwai wata Bodinga ba. In Yaya ya kira ya ce, "Injiniya, mi ake ciki?" sai in ce saura kaɗan. Aka dasa albasa aka cire. Ruwan farko ya sauka. Ya daina tambaya, ni kuma na rage kira don kada ya tambaya.

A ƙarshe raba aikin na yi: na yi zanen a ta farkon nan mai sauƙi, na fitar da hanyar a mai maɓallai ɗari. Abin da zan iya yi tun watan farko ke nan da na tsaya wuri ɗaya. Gurabe suka fito sumul kamar cikin ludayi. Na sa tsakuwa na tura da ƙaramin yatsa, ta zame waje. Ko murna ban yi ba, gajiya kawai nake ji.

Na isa Kajiji bayan la'asar. Kujerar Yaya na gindin ceɗiya, shi kaɗai. Guraben ƙasa ruwa ya shafe su, har ciyawa ta fito a wurin. Matarsa ce ta gaya mini a soro, murya ƙasa-ƙasa: mai kallo daga kujera ba ya iya yin shiru, yana ta gyara wa mutane wasa, aka yi sa-in-sa sau biyu, sai abokan suka maida darar rumfar bakin kasuwa. Suna zuwa gaishe shi ranar Juma'a, a tsaitsaye.

Na ɗora katakon a kan benci. Ya sa yatsa a gurbi ɗaya ya zagaya, ya sa tsakuwa ya tura, ta fita. Ya yi haka sau uku.

"Ya yi," in ji shi. Ya dubi hanyar kasuwa, ya dawo da ido kaina. "To zamna."

Na zauna. Ya turo mini ƙwallon aduwa goma sha biyu. Na riƙe su a hannu ina kallon guraben da na san faɗinsu da zurfinsu har ƙwayar milimita, ban san inda ake ajiye na farko ba. Ya gane. Ya nuna mini da haɓa, na ajiye. Cikin ɗan lokaci ya cinye ni tas, bai yi gardama ba, bai yi dariya ba, don babu abin dariya a cin wanda bai iya ba.

Matarsa ta fito da ruwa a kan babban tiren nan, ta ajiye a gefen benci. Yaya ya sake tara tsakuwarsa da gefen hannu ya ce, "Jera kuma. A hankali za ka iya, ni ba inda za ni."